Lambar Da Na Rubuta A Kan Faifai

A shekarun da ake ɗora wa kwamfuta manhaja daga faifan sidi, ni ne mai kula da kwamfutoci a wata hukumar gwamnati a nan Abuja. Sabon ango ne ni a lokacin, kai na rawa, gani nake in babu ni ofishin ba zai motsa ba. Daga darakta har masinja kowa injiniya yake ce mini, ni kuwa ban taɓa gyara wa kowa ba, alhali difloma ce kawai da ni.

Hukumar ta sayi babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, faifan asali da wata doguwar lambar lasisi. Sharaɗin a fili yake: kwamfutocin ofis kaɗai, kuma iya adadin da aka saya. Ba zan ce ban sani ba, don ni na karanta wa darakta takardar. Faifan yana sito, a hannun wata dattijuwa da muke kira Hajiya, wadda ta kusa ritaya tana jiran ƙarin girmanta na ƙarshe. Duk mai ɗaukar kaya sai ya sa hannu a littafinta, ko da oga ne. Ni kaɗai take ɗaga wa ƙafa, tana cewa ni ƙaninta ne.

Yayan matata, wanda shi ya ba ni aurenta, yana da shagon gyaran kwamfuta a Wuse. Wata Asabar muka je gaishe shi, ya ce faifan da yake saya a kasuwa duk na bogi ne, yana ba shi kunya a gaban masu kawo gyara, ko zan taimaka masa da namu na ofis. Na buɗe baki in ce doka ta hana, sai nauyinsa ya kama ni, ga kuma son a ce surukin nan babba ne a gwamnati. Na ce ai wannan ƙaramin abu ne. Ranar Litinin na karɓi faifan wurin Hajiya, na ce minti goma zan dawo da shi, ba sai an rubuta ba. Na kwafa, na mayar. Sannan na yi wautar da har yau nake cizon yatsa a kanta: don kada ya riƙa damuna da waya, sai na ɗauki alƙalamin maka na rubuta lambar lasisin ɓaro-ɓaro a kan kwafin.

Na ɗauka kwamfuta biyu ko uku zai sa wa. Ashe duk wanda ya kawo gyara sai an ɗora masa, maƙwabtan shago suka ara suka kwafa, lambar hukumarmu ta zama ta kowa da kowa a kasuwa. Bayan wasu watanni kamfanin ya toshe ta. Wata safiya kwamfutocinmu suka fara nuna cewa manhajarsu ba ta halal ba ce, har da wadda darakta ya jona a allo gaban baƙi. Aka kafa kwamiti, kuma saboda ni ne masani, ni aka sa in yi musu bayanin yadda lamba ke fita. Na tsaya na yi bayani tiryan-tiryan. Da suka duba littafin sito ba su ga sunan kowa ba a wannan tsakanin, sai suka ce to daga hannun mai ajiya ta fita. Ina zaune a wurin. Na yi shiru.

An ba Hajiya takardar gargaɗi, ƙarin girman ya wuce ta, aka mayar da ita wani ƙaramin reshe can wajen Yangoji. Ranar da za ta tafi ta shigo ofishina da jakarta a hannu. Na zaci tsine mini za ta yi, wallahi da hakan ya fi mini sauƙi. Sai ta ce ta tuna na taɓa karɓar faifan ba a rubuta ba, amma ta ƙi faɗa wa kwamiti, don ta san ba halina ba ne, kuma ba ta so a ɓata wa mai sabon iyali takarda a banza. Ta ce in ta taɓa saɓa mini in yafe mata. Na ce babu komai Hajiya, Allah ya kiyaye hanya. Abin da na iya faɗa ke nan.

Sai da ta yi ritaya na samu ƙarfin halin nemanta, lambar wayarta kuma ta daina shiga. Na tambaya a reshen, aka ce ta koma garinsu, ba wanda ya san unguwar. Ni kuwa an ƙara mini girma sau biyu tun daga lokacin, kuma duk ranar da takardar ta fito ba na iya cin abinci.

A da ina ganin kwafar faifai ba sata ba ce, tunda na asalin yana nan inda yake, kamfanin kuma yana can wata ƙasa bai san da ni ba. Yanzu faifan ma an daina yayinsa, amma lambobin lasisi suna nan a hannun ma'aikata irina, 'yan'uwa kuma ba su daina roƙo ba. Don Allah duk wanda aka damƙa wa irin wannan amana, ya daure ya ce wa surukinsa a'a, kunyar ta yini ɗaya ce. In kuwa ka riga ka yi, ka faɗa da bakinka tun wanda za a ɗora wa laifin yana kusa da kai. Ni na tsaya jiran ranar da faɗar za ta yi sauƙi, ga shi yau ina neman gafarar matar da ban san ko tana raye ba.