Yadda Na Shayar da Kafet ɗin Balarabe a Bakin Teku

Bin Omran zuwa Al Wukair

Ƙarfe uku da kwata na asubahin Alhamis na bar ɗakina a Bin Omran, watan Agusta, ko titi ban kai ba rigata ta manne a bayana. Tasi ta sauke ni Al Wukair cikin minti talatin da biyar, inda Yaya Awudu ke jirana. Mutumin zangon Kumasi ne, shekararsa goma sha ɗaya yana tuƙa wani dattijon Balarabe. An ba shi mota mai ɗaki a ciki, har da gado da kicin, ya kai ta bakin teku ya gyara kafin maigidan ya iso da iyalinsa bayan la'asar. Ni kuwa ɗan rakiya ne, ɗalibin lissafi da Awudu ke kira Dokta, wanda bai taɓa kwana a mota ba.

Bayan mun yi salla ya nuna min wani farin inji a gefen gado. "Dokta, wannan shi ke tsotse danshi. Direban da ya bar kushin ya yi wari bara, kafil, wato maigida, ya ce masa kalas, aiki ya ƙare, yanzu yana ƙasarsu. Yalla, shiga."

Mesaieed

Biyar saura muka tashi. A wata tashar mai muka sha shayin karak, riyal ɗaya kofi, da waina mai ƙwai. Muka wuce Mesaieed, shida da rabi muka yi fakin a kan rairayi, kilomita kusan hamsin ke nan. Awudu ya tada janareto, ya kunna inji, ya sa AC a ƙasa-ƙasa don kada su yi wa janareton yawa. Ƙarfe tara ya bi wani direba sayo kifi da ƙanƙara, ya ce kada in buɗe taga.

Ban buɗe ba, Allah ne shaidata. Amma ni Basakkwace ne, kuma a gidanmu in zafi ya yi zafi, Inna takan yayyafa ruwa a tsakar ɗaki ta rataya jiƙaƙƙen zane a ƙofa. Sai na yi wa Larabawa gatan da ba su sani ba. Na yayyafe kafet, na jiƙa tawul huɗu na rataya. Can sai inji ya yi ƙara ya kunna jar fitila. Na ja wata ’yar aljihu a cikinsa, sai ga ruwa fal, garai-garai. Na ce kai, ga ruwa kyauta! Na mayar da shi kan kafet. Sau uku muna haka da injin nan, yana tarawa ina watsawa, ina ta mamakin yadda zufa ke ƙaruwa.

Sha biyu Awudu ya dawo. Ya taka kafet, ta ce caɓal. Ya dubi tawul, ya dube ni.

"Dokta, wane ne ya yi wanka a nan?"

Na yi masa bayani dalla-dalla, har da alfahari. Ya zauna a bakin ƙofa ya dafe kai. "Yarana uku a Kumasi, daga kafet ɗin nan suke cin abinci." Nan take dariyar da nake shirin yi ta koma ciki, kunya ta rufe ni.

Awa biyar muka yi muna fama. Ya ƙure AC, ya hana girki, ni ina danna busassun zannuwa da gwiwa, in inji ya cika in kai ruwan can nesa, yana leƙena ta gilashi don kada in dawo da shi.

Biyar da minti goma dattijon ya iso. Ya cire takalmi, ya shiga, ya sunsuni kushin, sannan ya tsaya a kan kafet ya ɗaga ƙafa ɗaya ya shafa tafinta. Awudu ya fara cewa laifinsa ne. Na tari numfashinsa, na zayyana komai da Larabcin makarantar allo. Dattijon ya sa na maimaita wurin mayar da ruwan, ya kira matarsa na sake maimaitawa, suka yi dariya har yana riƙe ciki. Ya ce Awudu ya kwana da su, amma a sa malamin nan a mota yanzun nan tun bai shayar da gado ba.

Komawa

Motar da ta kawo kayan abinci ce ta kwaso ni. Awudu ya rako ni, ya miƙo min kifi biyu a leda, na shiga na zauna.

"Na ɗauka yau zan kira uwar yara in faɗa mata aiki ya ƙare," ya ce. Ya rufe min ƙofa da kansa.

Takwas saura kwata na shiga ɗakina lafiya. Na gode wa Allah da ya rufa asiri, na gode wa Yaya Awudu, mutumin da ya tashi ɗaukar laifina da aikinsa a hannu.