Iyakar Gero da Dawa

A shekarata ta biyu a lise, babbar sakandaren Magarya, mushe, wato malamin da ke koya mana labarin ƙasa, ya manna wata taswira a allo. Ta wata ƙasa ce mai nisa, duk kurmi da tafkuna da duwatsu masu aman wuta. Siraran layuka sun zagaye kowane dutse, zobe cikin zobe, kamar an yanka albasa. Ya ce kowane layi tsayi ɗaya yake bi, inda kuma suka matsu da juna, hawan da wuya. Na daɗe ina kallon wani tafki shuɗi da ke kwance a bakin dutsen da wutarsa ta mutu.

Sai ya ba mu aikin hutu, kowa ya zano irinta ta garinsu. Makina a darasin sun yi ƙasa. In ban kawo mai kyau ba, maimaita aji zan yi.

Garinmu kuwa, can wajen Mallawa, shimfiɗe yake kamar tabarma. Kwana uku ina riƙe da farar takarda. Babana ya same ni a gindin gawo.

"Uwata, me takardar nan ta yi miki?"

"Baba, tudu aka ce in zana, mu kuma ba mu da shi."

"Ba mu da tudu? To jakina me yake yi wa nishi kullum?"

Da safe ya ɗaura amalanke muka fita. An gama girbi, amma kututture na nan. Ya ce in duba: inda aka shuka gero tudu ne, ruwa ba ya tsayawa. Inda aka sa dawa kwari ne. Inda laka ta tsage, nan ruwan damina ke kwana. Muka bi iyakar gero da dawa gona bayan gona, ina jan layi. Da muka zagayo, layin ya haɗe da kansa, ya zama zobe. Duk inda jakin ya rage sauri, sai in matse layukan.

Mushe ya daɗe a kan takardata. Ya tambaye ni da me na auna.

"Da jaki, mushe."

Aji ya yi dariya. Shi bai yi ba. Ya rubuta sha uku bisa ashirin, kuma da su na wuce.