Katakon da Yake Kwana a Ruwa

Abin da na fara lura da shi da na sauka daga babur shi ne zauren kakana a share tas. Babu ɓawon katako ko ɗaya a ƙasa, babu ƙamshin maɗaci. Yana zaune a kan buzu, idanunsa sun yi fari, hannayensa a kan gwiwa ba su da abin yi.

Da ina 'yar firamare ba haka zauren yake ba. Kakana kafinta ne a ƙauyenmu, tsakanin Kura da Bunkure. Yakan yi ƙofa da benci, amma idan rani ya shigo aka saki ruwa, babban aikinsa katakon da manoma ke zurawa a bakin ƙaramin kanal, su tare ruwa su juya shi gonar albasa ko tumatir. In na dawo daga makaranta sai in raɓe a bayan ƙyaure ina kallo. Ban cika magana ba. Shi ne zai ce, "Amarya, kin zo gadin mijinki ne?" Sai in rufe fuska da hijabi.

Da aka kawo injin yanka katako Kura, bai yi fushi da shi ba. Har cewa yake ya hutar masa da kafaɗa. Sai dai duk kyan yankan, ba ya miƙa wa manomi a ranar. Sai ya ɗaura wa katakon igiya ya jefa shi a kanal ya kwana. Da safe ya kumbura, wani gefen ya ɗan karkace. Sai ya bi shi da tafin hannu a hankali, ido a lumshe, ya sa gizago ya rage nan, ya bar can. Sau ɗaya ya ga ina zare ido, ya ce, "Injin bai taɓa ganin ruwan nan ba. Mu mun gani."

Yanzu rubuta manhaja nake yi a Kano, kuma ni ma na sami injina. Nakan faɗa wa AI, wato ƙirƙirarriyar basirar kwamfuta, abin da nake so, kafin shayina ya huce ya rubuto shi a tsare, gwanin sha'awa. Ya hutar min da kafaɗa. Amma ba na sakin aikin sai ya kwana a ruwa: in sa shi a tsohuwar wayar gwaggona mai tsagaggen gilashi, in kai shi inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, in ga ta ina zai karkace.

Jefawa a ruwa na koya daga bayan ƙyaure. Abin da ban taɓa sani ba shi ne abin da tafin hannunsa yake ji. Kunya ta hana ni tambaya, ga shi babu wanda ya gaje shi, kuma gwaggo ta ce tun damina bai taɓa gizago ba.

Na leƙa bayan zauren na samo wani guntun katako, na tsoma shi a kanal. Washegari na ɗora masa a cinya, jiƙe. Yatsunsa suka fara tafiya da kansu.

"Amarya, wannan ai ya karkace."

Na ce, "Kaka, kama hannuna ka ɗora a wurin. Ina so in ji."