Teburin Mutum Huɗu

Tun hantsi mai kula da laburare take satar kallon ɗalibar nan. Siririya ce, hannun tabaranta ɗaure da zare. Ta kama teburin mutum huɗu, kujeru uku babu kowa. Da alama 'yan rukuninta sun shanya ta.

Ta baza takardu, kowacce da dabarar manhajar da za ta ɗebe wa masu aiki daga gida kewa. Tana rubutawa, tana sokewa, tana waigen ƙofa.

Can sai ta tura wa kanta saƙon gwaji. Wayar ta yi haske: "Kin ci abinci?"

Ta daɗe tana kallon rubutun.

"Tukuna dai," ta ce wa wayar ƙasa-ƙasa. "Yau ke kaɗai kika tambaye ni."