Kabarin da Malam Rabo Bai Haƙa Ba

Malam Rabo mahaƙin rijiya ne a Tafoki. Da damina yana noman dawa da gero kamar kowa, da rani kuma sai ya saɓa dagi da igiya ya tafi duk inda aka kira shi, Yankara ko Mabai ko rugagen da ke bayan dutse. Haƙar kabari kuwa ba sana'arsa ba ce, sadaka ce ya ɗora wa kansa tun yana saurayi. In aka yi rasuwa, kafin mata su gama kukan farko ya riga ya karɓi karan da aka auna mamacin da shi, ya nufi maƙabarta. Ya san inda kowa yake kwance. In mutum ya dawo daga doguwar tafiya ya tarar uwarsa ta rasu, Malam Rabo ne yake kai shi ya ce, "Ga ta nan, gabas da wannan aduwa."

Ɗansa namiji ɗaya ne, Lawwali, dogon yaro wanda sai ya sunkuya yake shiga zauren gidansu.

A shekarun da kuɗin mai suka cika ƙasa, wani ɗan Yankara mai suna Gide, wanda a da goro yake sayarwa, ya dawo daga Ikko da agogo da rediyo da hotuna. Ya manna hotunan a bangon shagonsa: ga shi a kan wata gada da ba a ganin ƙarshenta, ga shi a gindin dawakan siminti, ga shi a bakin teku ya naɗe ƙafar wando. Ya ce jirage sun yi layi a kan ruwa maƙare da siminti, an rasa masu saukewa. Ya riƙa kwasar samari yana kai wa wani kamfani. Lawwali ya bi shi bayan an gama girbi. Malam Rabo bai hana ba, ya dai riƙe hannun Gide a gaban mutane ya ce, "Amana ce na ba ka."

Kafin wata damina Gide ya dawo da akwatin Lawwali. Ya ce buhunan siminti ne suka ɓalle daga sama suka faɗo masa. Ya ce shi da kansa ya yi masa wanka, aka sallace shi da jama'a mai yawa, aka rufe shi a maƙabartar Hausawa ta Agege.

Malam Rabo ya karɓi gaisuwa bai yi kuka a gaban kowa ba. Matarsa Larai ta daina dafa dambu, don shi ne abin da yaron ya fi so, ba ta kuma taɓa faɗin dalili ba. Bayan sadakar uku Malam Rabo ya tambayi Gide abin da mahaƙi kaɗai zai tambaya.

"Wace irin ƙasa ce a wurin?"

"Ja ce, Malam, jar ƙasa mai kyau."

Bayan wasu watanni suka haɗu a kasuwar Yankara, ya sake tambayarsa cikin hira. Gide, wanda hankalinsa ke kan wani mai sayen batir, ya ce, "Ai yashi ne, Malam, Ikko duk yashi ce." Malam Rabo ya ce to. Ya koma gida ya zauna a zaure yana kallon bakin ƙofa har aka kira la'asar. Daga ranar ya san ƙarya aka yi masa, ya kuma ajiye sanin a ransa yana jira.

Jiran ya ƙare shekarar da Gide ya biya kujerar Makka. Kamar yadda aka saba, maniyyaci yakan bi gida-gida yana neman gafara, domin kowa ya san haƙƙin wani ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe. Gide ya zo Tafoki da sabuwar riga, ya durƙusa a zauren Malam Rabo.

"Malam, zan tafi. In na taɓa yi maka wani abu, da sani ko da kuskure, a yafe mani."

"Zan yafe maka a kan kabarin Lawwali. Kai ni in gani."

"Haba Malam, Ikko fa? Da nisa."

"Makka ta fi ta nisa."

Akwai mutane a zauren, don haka Gide bai sami hanyar ƙi ba.

Suka hau mota zuwa Funtuwa, daga nan jirgin ƙasa. Malam Rabo ya riƙe ƙullin kayansa da wani dogon karan dawa wanda ya yanke daidai tsayin ƙofar zaurensa, ya ƙara yatsu huɗu. A cikin jirgi wani ɗan kasuwa ya ce masa, "Baba, darni za ka yi a Ikko da kara ɗaya?" Aka yi dariya, shi ma ya yi murmushi.

Da suka sauka, Gide bai nufi Agege ba. Ya ce ba a zuwa babban birnin ƙasa a koma ba a ga gari ba. Tunaninsa shi ne ƙauye ya yi wa tsohon nan yawa, in ya ga abin mamaki zuciyarsa za ta yi sanyi. Ya fara kai shi Iganmu, gaban babban ɗakin wasannin da aka gama ginawa kwanan nan.

"Malam, ɗaga kai ka gani. Kamar hular soja, ko? Daga ƙasashen duniya aka zo aka yi biki a ciki."

Malam Rabo ya ɗaga kai ya duba sosai. "Na gani. Nan ne?"

"A'a, da saura."

Suka hau gadar Eko, motoci suna gudu a saman ruwa, kwale-kwale suna wucewa a ƙasa. Suka je filin da ke da manyan dawakan siminti sun ɗaga ƙafafun gaba a bisa ƙofa. Suka tsaya gindin wani bene da sai da hular Malam Rabo ta faɗi kafin ya hango ƙarshensa. Gide ya saya masa lemo mai sanyi, ya sha, ya gode. Ko'ina sai ya tsaya ya ƙare wa abin kallo, ya yi tambaya a kan yadda aka yi tushensa, sannan ya ce, "Nan ne?"

A bakin teku Gide ya kira mai hoto. Malam Rabo ya ƙi tsayawa. Ya tsuguna ya ɗebi yashi ya murza, ya bar shi ya zube ta tsakanin yatsunsa. Can nesa jirage suna tsaye a jere.

"Waɗancan ne na simintin?"

"Irinsu ne."

"To. Na ga gari, Gide. Kai ni wurin ɗana."

A maƙabartar Agege, Gide ya yi ta zagayawa kamar mai tunawa, sannan ya nuna wani kabari kusa da katanga. Malam Rabo ya yi sallama ga mamatan wurin, ya sunkuya ya shimfiɗa karansa a kan kabarin. Karan ya zarce da kusan kamu guda. Ya ɗauke, ya sake shimfiɗawa daga ɗaya ɓangaren, don kada ya zalunci kowa.

"Wanga gajeren mutum ne, Allah ya jiƙan shi. Ina nawa?"

Gide ya zauna a ƙasa da sabuwar rigarsa. Maganar ta fito guntu-guntu. Ranar da abin ya faru an ɗauki Lawwali a motar kamfani an kai wani asibiti. Aka ce wanda ya kawo yaron aiki ya zo, 'yan sanda za su yi masa tambayoyi. Gide ya ji tsoro ya ɓuya. Da ƙura ta lafa ya leƙa, aka ce masa gawarwakin da ba a zo nema ba an kwashe su an rufe a rami ɗaya. Bai tambayi inda ramin yake ba.

"An yi mashi wanka?"

Gide ya sunkuyar da kai.

"An sallace shi?"

"Ban sani ba, Malam. Don Allah, don Annabi."

Malam Rabo yana da hannun da ya shekara talatin yana fasa dutse a ƙarƙashin ƙasa, kuma babu kowa a wurin sai su biyu. Ya dubi wuyan Gide na ɗan lokaci. Sannan ya ɗauki karansa ya ce su tafi, kada jirgi ya bar su.

Ranar da aka taru a Yankara don yi wa maniyyata addu'a, liman Malam Salihu ya ce jama'a su yafe wa matafiya. Aka amsa, "Mun yafe." Da amsawar ta lafa, Malam Rabo ya miƙe daga sahun baya.

"Ni ban yafe wa Gide ba."

Bai ɗaga murya ba. Ya faɗi abin da ya ji a Agege, bai ƙara kalma ba, bai rage ba, ya zauna.

Gide ya je Makka ya dawo, aka riƙa kiransa Alhaji. Amma babu uban da ya sake ba shi ɗa. Malam Rabo kuwa ya zama mutumin da ake zuwa wurinsa jin labarin Ikko, don ya fi Gide iya bayarwa. Ranar kasuwa yakan zauna a inuwar da ke fuskantar shagon Gide, samari su kewaye shi. Zai kwatanta masu hular sojan, da gadar, da dawakan, da yadda teku ke tafiya tana dawowa, har su riƙa buɗe baki. Sai ya ƙare da cewa, "Duk Alhaji ne ya nuna mani, ga shi can, Allah ya saka mashi. Wuri ɗaya ne kawai bai sani ba." Ba a yi shekara ba Gide ya ɓamɓare hotunan daga bango, daga baya ya rufe shagon.

Kowace Sallah yakan zo Tafoki ya durƙusa. Malam Rabo yakan amsa gaisuwa, ya sa a kawo masa ruwa, ya tambayi iyali. Malam Salihu ma ya taɓa zuwa da kansa.

"Malam Rabo, mai yafewa shi ke da riba."

"Gaskiya ne, Malam. Amma ni an yi mani ƙarya ne kawai. Wanda aka jefa a rami ba wanka, shi ke da magana. Su haɗu can."

Ciwon da ya kashe Gide bai daɗe ba. Da labari ya iso Tafoki, Larai ta ga mijinta yana ɗaukar dagi.

"Malam, kai za ka haƙa mashi?"

"Ni zan haƙa."

Ya taka har Yankara. Ya karɓi karan awo daga hannun Bilya, babban ɗan mamacin. Samari suka zo taya shi, ya bar musu saman, amma ramin ciki shi kaɗai ya yi. Tsofaffin garin sun ce ba su taɓa ganin kabari mai kyan wannan ba: bangon a miƙe, ƙasan a share, ko tsakuwa ɗaya babu. Shi ya shiga ya karɓi gawar, ya kwantar da ita a kan dama, ya jera itace, ya toshe kowace kafa da laka.

Bayan an rufe, Malam Salihu ya ce a yafe wa mamaci. Jama'a suka amsa, amma idanu da yawa suna kan mutum ɗaya. Malam Rabo yana goge dagi da ciyawa. Da ya gama ya kama hannun Bilya ya ja shi gaba.

"Duba da kyau. Ga tsamiya, ga gidan tururuwa, ga ubanka a tsakani. An yi mashi wanka, an sallace shi, kana gani. Duk ranar da ka so zuwa, ka san wuri."

Bilya ya ce, "Baba, to ka yafe mashi?"

Malam Rabo ya saɓa dagi a kafaɗa ya kama hanyar Tafoki. Karan da ya je da shi Ikko yana nan a soke cikin rufin zaurensa har ya rasu, kuma ya bar wasiyya kada a sa shi a wuta.