'Yar Ƙofar Da Na Toshe Da Gam

Ni mutumin Tsafe ne, kuma kafin in lalace ni bakanike ne mai hannu. Ba yabon kai ba, mota tana shigowa garejina a Gusau, daga kukanta nake sanin ciwonta. Wanda ya koya mini aiki ya nuna mini yadda ake gane famfon ruwa idan ya gaji. Akwai wata 'yar ƙofa a ƙarƙashinsa, idan ta fara ɗiga to famfon yana ban kwana. Sai kuma gurnani, da rawar da kansa yake yi idan ka kashe mota ka girgiza shi. In babu waɗannan, ka duba tiyo, ko murfin lagireto, ko fanka, ko fambel, igiyar robar da take juya famfon, da ya saki. Ya kuma ce mini duk abin da na cire a motar mutum in miƙa masa kayansa a hannu.

Lalacewata ta fara ne daga ƙaramin abu. Wata rana wani Alhaji ya kawo mota tana tafasa, yana fitowa ya ce, "Famfo ne ko?" Na leƙa na ga tiyo ne kawai ya saki. Da na ce a'a, da aikin shan shayi ne. Sai na ji bakina ya ce, "Shi ne, Alhaji." Ya biya kuɗin sabon famfo da na aiki, har da godiya. Ranar ban iya cin tuwo ba. Na biyu kuwa, har ƙari na nema.

Daga nan na samo wani mataccen famfo mai tsatsa na ajiye a ƙarƙashin benci. Duk wanda motarsa ta yi zafi sai in ce ya tafi ya dawo da la'asar. In ɗaure tiyo, in wanke famfonsa da fetur ya yi ƙyalli, in ya dawo in ɗauko mataccen nan in girgiza masa a kunne. "Ka ji naka? Allah ne ya tsare." Famfon nan guda ɗaya ya mutu a motocin mutane da yawa. Mutanen birni ba sa son ɓata hannu da baƙin mai, kallo ɗaya suke yi masa su ce in yar.

Sai ga Malam Sahabi, wani manomi daga Kekun Waje ta ƙasar Bungudu. Yana da tsohuwar mota da yake ɗaukar hatsi da ita ranar kasuwa, kuma ita ce motar da unguwarsu take kai marasa lafiya asibiti. Shi kam famfonsa ya gaji da gaske, 'yar ƙofar nan tana ta ɗiga.

Ya ce, "Malam, ka gyara min ita da kyau. Maiɗakina watanta ya tsaya, ban son motar ta ba ni kunya bisa hanya."

Na ce ya kwantar da hankalinsa. Na yanka masa kuɗin sabo, bai ko yi ciniki ba, ya ce buhun dawa ya sayar. Yana juya baya na kwaɓa gam na toshe ƙofar, na wanke famfon, na cika lagireto da ruwa. Na sani sarai ruwan da na hana fita, cikin boris ɗin da famfon yake juyawa a kai zai koma ya cinye shi. Na ce a raina kafin nan an kwana biyu, wa zai tuna da ni.

Da ya dawo na girgiza masa mataccen famfona. Shi kuwa sai ya miƙo hannu.

"Ba ni shi. Mu ƙauye ba mu yar da ƙarfe, maƙeri na samun abin yi da shi."

Na so in yi gardama, na ga zai zarge ni. Na ba shi, ya jefa a bayan mota ya tafi.

Ba a yi wata ba naƙuda ta zo wa Rakiya, matarsa, da gardama. Ya kai ta Bungudu, aka ce ya wuce da ita Gusau da gaggawa. A tsakiyar hanya, rana tsaka, famfon ya cije, fambel ya tsinke, injin ya tafasa ya tsaya. Kafin a samu motar da za ta ɗauke su, jini ya tafi da yawa. Jaririyar ta rayu. Rakiya ba ta kai ƙofar asibiti da rai ba.

Bayan sadakar bakwai ya sa aka jawo motar, wani bakanike a Bungudu ya kwance famfon ya ga gam. Malam Sahabi ya ɗauko wanda na ba shi a matsayin tsohonsa, sai ga shi ba ma na irin motarsa ba ne. A kotu aka ajiye su biyun a kan tebur. Alƙali ya ce in faɗi wanne ne na motar, na kasa ɗaga kai. Da labari ya bazu, waɗanda na girgiza wa famfon nan a kunne suka yi ta zuwa shaida. Aka ɗaure ni kan zamba. Mahaifiyata ta zo gani na sau ɗaya a gidan yari, ba ta zage ni ba, kuka kawai ta yi, kuma da zagin ta yi da ya fi mini sauƙi.

Da na fito ban nufi Tsafe ba, Kekun Waje na fara zuwa. Na sami Malam Sahabi a ƙofar gida, wata 'yar yarinya tana wasa da ƙasa kusa da ƙafarsa. Na durƙusa na ce ya yafe mini don Allah. Ya daɗe yana kallon yarinyar.

Ya ce, "Kwananta ya ƙare, wanga na sani. Kuɗɗina kuma na yafe maka duniya da lahira. Amma haƙƙin Rakiya ba ni ad da shi ba. Sai kun gamu."

Ku masu mota, kada ku ji kunyar cewa a nuna muku inda yake ɗiga. Ku sa a raba muku kuɗin kaya da na aiki, ku tsaya a kwance a gabanku, ku karɓi tsohon ku riƙe. In kuɗin ya yi muku nauyi ku ji ta bakin wani bakaniken.

Ku kuma samari masu koyon sana'a, ku ji tsoron ƙaryar farko, ita ce kawai mai hana cin tuwo. Na tuba, na koma aiki a ƙarƙashin wani, ina cin halalina. Amma kada ku yi abin da za ku je neman gafara ku tarar mai yafe muku yana kabari. Ni har yau jiran ranar gamuwata da Rakiya nake yi, kuma ban san abin da zan ce mata ba.