Alhaji Abdulilah Mailafiya da Akwatin Bature Abdulhadi

Haihuwa da asali

An haifi Alhaji Abdulilah Mailafiya a unguwar Tandabawi da ke birnin Makka a shekarar 1951, wadda ta yi daidai da 1370 bayan Hijira. Mahaifinsa, Malam Mailafiya, mutumin Katagum ne da ya tako da ƙafa ta Sudan domin aikin Hajji, ya zauna bai koma ba. Mahaifiyarsa Zubaidatu haifaffiyar Makka ce, iyayenta 'yan Damagaram. Gidansu masaukin alhazai ne, kuma a samansa akwai ɗakin amana, inda baƙi ke barin kayansu idan za su wuce Madina. Ƙa'idar gidan ita ce duk abin da aka ajiye ba a buɗe shi, ba a tambayar abin da ke ciki, har mai shi ya dawo.

Karatu da sana'a

Ya sauke Alƙur'ani yana ɗan shekara goma sha uku, ya yi makarantar gwamnati har zuwa 1967, sannan ya koyi gyaran rediyo da rikoda a hannun wani Bayamane. A 1974 ya buɗe shagonsa, inda ya yi suna wajen kwafar kaset ɗin ƙira'a da wa'azi domin alhazai. Larabci yake karantawa, Hausa kuma a gida ya tsince ta, amma rubutun boko bai taɓa shiga kansa ba, kuma wannan ya yi tasiri a rayuwarsa fiye da yadda kowa ya zata.

Zuwan baƙo

A Hajjin shekarar 1978 wani Bature sabon musulunta mai suna Abdulhadi ya sauka a gidansu. Dogo ne, mai yawan shiru, Larabcinsa bai wuce na gaisuwa ba. Da zai tafi ya miƙa wa Malam Mailafiya wani akwatin ƙarfe, ya ce amana, ya yi nuni da hannu alamar tafiya, bai bar adireshi ba. Da yake murfin ba ya rufuwa sosai, an hango tef tara irin na dā, masu zare a naɗe, da rubutun boko a jiki. Malam Mailafiya ya yanke cewa mutumin da ya baro ƙasarsa saboda addini ba zai ɗauko komai ba sai karatun Alƙur'ani, don haka aka ɗora akwatin a kanta mafi tsawo tare da mus'hafai. Kafin rasuwarsa a 1983 ya danƙa wa Abdulilah amanar a gaban shaidu, ya gargaɗe shi da kada ya sadu da Ubangijinsa da ita a wuya.

Aure da iyali

Ya auri Hajiya Kabira a 1980, Allah ya azurta su da 'ya'ya biyar. Dukkansu sun taso sun ga mahaifinsu ba ya taɓa akwatin sai da alwala, yana share masa ƙura duk Juma'a, yana kuma saukar da shi ɗakin da ya fi sanyi idan zafi ya tsananta. Kowace shekara yakan bi tantunan alhazan Turai a Mina yana cigiyar wani Abdulhadi, an kuma nuna masa Abdulhadi sun fi ashirin, babu nasa a ciki.

Ranar da aka buɗe akwatin

A shekarar 2006, lokacin da iyalin za su ƙaura zuwa unguwar Aziziyya, ya nemi shawarar Malam Uzair, wani Basakkwace da ke karatun fiƙihu a Makka, wanda ya ce halal ne a saurari tef ɗin domin ko a gane mai shi. Alhaji Abdulilah ya gyara tsohuwar rikodarsa, ya gayyaci dattawan unguwa goma sha ɗaya, aka yanka rago, aka turara gida, kowa ya zauna da alwalarsa. Da ya murza maɓalli sai ganguna suka ɓarke, jita mai lantarki ta biyo, wata algaitar Turawa ta kama kuka ba ƙaƙƙautawa. Dattawan suka daure kusan minti huɗu, bisa zaton share fage ne kafin ƙira'a. Abin da aka ji Alhaji Abdulilah ya faɗa a ranar, da Larabcin Hijaz, shi ne, "Ya jama'a, esh hada?" Wato, mene ne wannan? Aka ci ragon aka watse.

Shekarun ruɗani

Daga nan hankalinsa bai sake kwanciya ba. Malam Uzair ya ce amana amana ce ko me ke cikinta, a ci gaba da ajiya. Wani malamin ya ce a goge kiɗan, a naɗi wa'azi a kai, ladan ya tafi ga mai shi. Na uku ya ce goge dukiyar wani ha'inci ne, a nemo magada. Ya rasa ma inda zai ajiye akwatin, domin ba ya zama kusa da mus'hafi, kuma zuciyarsa ta ƙi yarda a jefa shi cikin tarkace, sai ya ƙare a kan firji. Abin da ya fi damunsa shi ne wata busa daga tef na huɗu, wanda ya saurara daga baya, da ta maƙale masa a kai. Yakan tsinci kansa yana feɗuwarta a shago, ya yi istigfari, bayan sa'a guda ya koma. Hajiya Kabira ta sha zolayarsa cewa shekara ashirin da uku ya yi yana yi wa makaɗa alwala.

Gano masu kiɗan

A 2019 'yarsa Raghad ta ɗauki hoton rubutun da ke jikin tef ɗin ta sa a intanet. Cikin mako guda wasiƙu suka yi ta shigowa daga Turai da Japan. Ashe tef ɗin na wata ƙungiya ne ta mutum shida daga ƙasar Beljiyam, masu kiɗan jaz da ake gauraya shi da kayan lantarki, wadda ta fitar da faifai biyu ta watse a 1977. Faifai na uku, wanda shi ne ke cikin akwatin, an naɗe shi ba a fitar ba, masoyansu sun shekara arba'in suna nemansa, kuma Abdulhadi shi ne mai busarsu. Masu tara tsofaffin faya-fayai sun roƙi a haɗu a Jidda, tunda Makka ba ta shiguwa gare su. Alhaji Abdulilah ya ƙi sayarwa, ya hana a kwafa ko da minti ɗaya, ya ce shi mai tsaro ne kawai. Har ya rasu bai gane dalilin da zai sa mutum ya taso daga Tokiyo saboda abin da ya kori dattawa goma sha ɗaya daga gidansa ba.

A 2022 aka tabbatar Abdulhadi ya rasu a Yaman tun 1981, kuma magajiyarsa ɗaya ce, wata 'yar ƙanwarsa da ke birnin Gent na Beljiyam. Alhaji Abdulilah, wanda ciwon ƙoda ya riga ya kwantar, ya sa aka naɗe akwatin da kyau aka aika mata a watan Disamba. Ranar da aka sanar da shi saƙon ya isa ya yi sujadar godiya, ya yi kuka, ya ce wa 'ya'yansa yanzu wuyansa sakayau yake.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa ranar Laraba, 3 ga Rajab 1444, wato 25 ga Janairu 2023, yana da shekara saba'in da biyu. An yi masa sallah a Masallacin Harami bayan La'asar, aka binne shi a maƙabartar Shara'i.

Kwana goma sha ɗaya bayan jana'iza akwatin ya dawo Aziziyya, tef tara cif, tare da kwafin wasiƙar da Abdulhadi ya aika wa ƙanwarsa a 1979. A ciki ya rubuta cewa ya bar kiɗa har abada, kuma ya ba da tef ɗinsa kyauta ga mutanen kirkin da suka sauke shi a Makka, su yi yadda suka so da su. Magajiyar ta ce ba za ta riƙe abin da ba nata ba. Da aka kai maganar wurin malamai sai suka ce akwatin dukiyar gidan ce tun ranar farko, aka shigar da shi cikin gado.

Ya rasu ya bar matarsa Hajiya Kabira, da 'ya'ya biyar: Sami, Ayman, Nuha, Arwa da Raghad, da jikoki goma sha huɗu. Allah ya jiƙansa, ya karɓi amanar da ya riƙe shekara arba'in ba tare da kowa ya taɓa binsa ita ba.